Abin da Baba Ya Tsallake a Jerin da Ka Nema

Assalamu alaikum Yaya,

Ina miƙo gaisuwa irin ta ƙanwa ga wanta, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Allah ya ƙara lafiya, ya raya yara. Mu nan da sauƙi. Kumburin ƙafar Umma ya sauka, har tana hawa bene da kanta. Auta ta gama jarrabawa. Baba kuwa ƙirjin nan ne dai, tun bara likita ya hana shi busa ƙaho kwata-kwata. Na faɗa maka ne ko da yake ba ka tambaya ba.

Saƙonka ya iso. Sau uku na karanta ina neman inda ka ce a gaida Baba, ban gani ba. Abin da na gani shi ne za ka shigo gari ƙarshen wata da baƙi uku daga wurin aikinka, a otal za ku sauka, kuma in rubuto maka wuraren baje kolin zane-zane da inda ake kiɗan jaz mai kyau don ka kai su. Kiɗan jaz, Yaya? Kai? Kai da ranar bikinka ka ce kada Baba ya kuskura ya zo da ƙahonsa, ka gaya wa surukanka wai tsohon ma'aikacin ofis ne? Kai da in abokanka za su zo gida kake tura saksafon ɗinsa ƙarƙashin gado kamar kayan sata? Da busar nan aka yi maka makaranta, amma shekara bakwai ke nan ba ka tako gidan nan ba. Yanzu da ka ga manyan mutane suna zama su yi tsit suna saurare, abin ya zama na wayewa.

Ban yi niyyar nuna wa Baba saƙon ba. Shi ya ga yadda fuskata ta canza a baranda, ya matsa sai na karanta masa. Na so in ƙara gaisuwar daga bakina, raina ya ƙi. Da na gama sai ya ce in ɗauko biro. Wallahi ya fi awa guda yana tsara maka, yana tari yana kurɓar ruwan ɗumi. Ya ce ka kai su tsohon gidan silima, inda makaɗan jaz ke wasa ranar Juma'a da yamma, amma ku zauna ɓangaren hagu domin lasifikar dama tana shaƙewa. Ya ce mai gangar can yana da gaggawa, amma mai fiyanon ya isa a yi tattaki dominsa. Ya ce kada ka ɓata lokacinka a lambun otal, masu busar can don a ji motsi ana cin abinci kawai aka ajiye su. Na zane kuwa, akwai na ɗalibai a bayan gidan waya, da na wani mai sassaƙa kusa da tashar jirgin ƙasa.

Abu guda ya tsallake, kuma da gangan. A babban zauren ɗakin karatu na gari ana baje kolin aikin wata mai zane, wadda ta yi wata huɗu tana zuwa gidanmu, ta zauna a kujerar roba tana zana shi. Hoton ya fi ƙofar ɗakinka tsawo. Ga shi nan da tsohuwar kwat ɗinsa mai ruwan ƙasa, kumatu cike da iska, har tabon leɓensa ba ta bari ba. Ranar buɗewa layi aka yi ana gaishe shi. Wani dattijo ya rungume shi yana hawaye, wai a wurin busarsa ya fara ganin matarsa. Ranar rufewa kuma, Asabar ɗin da kake gari, tsofaffin ɗalibansa za su busa waƙoƙinsa a gabansa. Da na tambaye shi me ya hana ya sa wannan, sai ya ce ba ya so ka shiga da baƙinka ka rasa abin da za ka ce musu, in bar ka ka yi aikinka lafiya. Kicin na shige na yi kukan takaici, Umma tana ta ba ni baki kamar ni ce mai laifin.

To ni ba Baba ba ce, ban gaji haƙurinsa ba. Masu shirya taron sun ba mu kujeru biyar a sahun gaba. Huɗu suna da masu su, ta biyar Kawu ya roƙa na hana shi. In za ka zo, ka zo ka zauna kusa da Baba, ka riƙe masa sandarsa, ka buɗe baki ka gaya wa baƙinka cewa wannan na jikin bango mahaifinka ne. In abin ya fi ƙarfinka, kada ka ko leƙa zauren, kada kuma ka aiko direba da ledar tsaraba, don a bakin ƙofa zan juya shi. Ni zan tsaya karɓar tikiti a ranar, saboda haka kada ka yi tunanin sulalewa ka zauna a baya.

Ka gaida matarka da yara, ka ce gwaggonsu tana marmarin ganinsu, su ba su yi mini komai ba. Umma tana gaishe ka, haka Auta da Kawu. Baba ya ce in gaishe ka har sau biyu, kuma wai ka taho da rigar sanyi, kada sanyin na'urar gidan silimar ya kama maka ƙirji. Na isar da saƙonsa yadda ya ba ni. Ni kuwa ba ni da sauran magana da kai sai na ga inda ka zauna.

Ƙanwarka,
wadda ke bi maka.