Na Ce Ba Ka Cikinsu

Zuwa ga Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, na rubuto ne in gaya maka abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Na gan ka ranar nan. Na gane ka sarai, na ce ban san ka ba.

Kwana da kwanaki jami'an tsaro suna kewaye da zangon da malaminku ya kafa a bakin fadama, can bayan Kirikasamma. Sun tare hanya, sun hana jiragen masunta matsawa. Mu a Haɗeja sai dai rediyo, kullum ana cewa lallashinku ake yi ku fito. Da aka gama lallashin, aka ce mai ɗan'uwa ya je ya duba.

Ka san Inna. Kai ne ɗan fari, ko sunanka ba ta faɗa, balle ta tsaya a kanka a gaban mutane. Sai ta haɗa ni da Kawu Isa.

An jera ku a rana, an rufa muku buhunan shinkafa. Buhu bai kai ƙafa ba. Na ga tabon ƙugiyar nan a diddigenka, ta ranar da ka kai ni kamun tarwaɗa. Ni na riƙe maka ƙafar aka cire ta, kana cewa in daina kuka, ai ba tawa ba ce.

Akwai wani mai littafi a inuwa. Duk wanda ya nuna gawa, sai ya rubuta unguwarsu da sunayen mazan gidan. Wani tsoho ya nuna ɗansa. A gabanmu aka jefa tsohon a mota, gawar tana nan kwance. Kawu ya matse min hannu har ƙashi.

Mai littafin yana ɓare gyaɗa ya tambaye ni ko akwai namu. Na durƙusa yadda aka koya mini, na ce babu. Ya ce Allah ya yi mini albarka.

Ba mu bar wurin ba katafila ta iso. Rami ɗaya, Yaya. Ba wanka, ba likkafani, ba salla. Da yamma rediyo ta ce an shawo kan lamarin.

Na tarar da Inna tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba ta ce, "Yaron nan fa?" Na ce ba ka cikinsu. Ta ajiye rariyar ta yi sujada a ƙasa, goshinta duk gari.

Na yi fushi da kai lokacin da ka daina cin yankanmu, ka ce sallarmu ba salla ba ce. Har yanzu akwai saura. Amma ko akuya ce ta mutu, ana barin mai ita ya ce tasa ce.

Kawu ya daina shigowa gidanmu. Inna tana busar da kifi tana ajiye maka, wai kana tsare, can kuma ba sa ba da abinci mai kyau. Damina ta zo, ruwa ya shafe wurin ramin, ciyawar kachala ta tsiro a kai.

Ba zan gaya mata ba. Na yanke wannan ni kaɗai. Duk Juma'a ina toya waina in yi maka sadaka. Ita ta ɗauka ta dawowarka ce, har shinkafa take ƙara mini. Wanda ya karanta wannan, don Allah kada ya kai mata.

Allah ya jiƙan ka, ya yalwata maka ramin nan, ya yafe mini.

Ƙanwarka,
Zulai