Garin Farko na Gidan Mai Niƙa Ne

Lahadi, 6 ga Oktoba, 2024

Yau ƙungiyar 'yan Rafin Kanya mazauna Bronx ta zauna a ƙasan masallacinmu na Tremont, ta yanke shawarar gina asibiti a ƙauye. Filin da aka zaɓa shi ne na injin niƙan mahaifina. Za a rushe ɗakin, a farfasa duwatsun niƙan guda biyu a zuba a harsashin gini. Kowa ya ɗaga hannu, ban da ni.

Wahab, ɗan ƙanena, shi ne shugaba. Ya ce, "Baba Alkasim, gidan tarihi za mu gina ko asibiti?" Aka yi dariya.

Laraba, 9 ga Oktoba

Bari in rubuta, tunda babu mai tambaya. Turawan haƙar kuza ne suka tafi suka bar wata babbar ƙafar ƙarfe mai siffar ta keke a bakin rafi. Mahaifina, Malam Ɗanasabe, ya haƙa lambatu daga gangare, ruwa ya riƙa faɗowa a kanta tana juyawa, ita kuma tana juya dutse. A lokacin babu gari a wurin. Mata ne ke zuwa da dawa da masara daga nesa, su zauna jiran layi. Mai ƙosai ta biyo su, mahauci ya biyo ta, sannan liman. Daga zaman jiran mata aka samu Rafin Kanya.

Yanzu rafin ya zama zare. Injin gas ya shigo kowace unguwa tun kafin in baro gida.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Bayan salla na tare mutum uku da maganar duwatsun. Kowa ya ce, "Haka ne, Baba," yana duba waya.

Asabar, 19 ga Oktoba

A wani shago a Fordham Road na ga garin masara a leda, fari fat. Na murza ta bayan ledar. Babu ko tsakuwa ɗaya. Sai na tuna koɗa.

Idan dutse ya yi santsi, mahaifina yakan tsayar da ruwa, ya wuni yana saran fuskarsa da makoɗi har ya yi kaushi. Garin da ya fara fita bayan haka cike yake da ɓarɓashin dutse. Bai taɓa yarda ya zama na wani ba. Dawarmu yake fara zubawa, mu ci tuwon yana ƙaras-ƙaras. Idan mun yi ƙorafi, ya ce, "Garin farko na gidan mai niƙa ne." Haƙoransa sun ƙare tun bai tsufa ba.

Idan aka fasa duwatsun nan, ban san da me zan nuna cewa ya taɓa rayuwa ba. Ko hotonsa babu.

Talata, 22 ga Oktoba

Saƙon murya daga ƙanwata Mariatu. Jikarta Zalia ta yi naƙuda a kan babur a hanyar asibitin gari. Uwar ta tsira, ɗan bai zo da rai ba. Ta ce, "Yaya, na ji an ce kai ne ka ƙi. Dutsen nan, kai kana can, ni nake ganinsa kullum. Awaki ne ke kwana a kai."

Na saurara sau biyu. Ban iya cin abinci ba.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Gobe taro. Ba wai na sauya ra'ayi ba ne. Har yanzu ina ganin ana binne mahaifina karo na biyu, kuma babu wanda zai je gaisuwa sai ni. Amma wani gida dole ya ci tsakuwar, kuma an san gidan tun da.

Ga abin da zan faɗa, idan murya ta ba ni dama:

"Jama'a, gidan Malam Ɗanasabe ya ba da filin, ya ba da dutsen ƙasa. Abu ɗaya nake roƙo. A bar dutsen sama kada a fasa, a ajiye shi a ƙofar asibitin, fuskar da aka koɗa tana kallon sama, domin mata su samu wurin zama idan suna jiran layi. Ina neman haɗin kan kowa da kowa a kan wannan, manya da yara, don girman Allah."