Masara a Kashin Birai

Guangzhou, daren Laraba, Nuwamba 1998

Yau a ɗakin gwaji na tace kashin biran da Sani ya kawo daga dajin Hainan, don in ga 'ya'yan itatuwan da suka ci da damina. Sai ga ƙwayar masara. Na buɗe kwalba ta gaba, nan ma masara. Dajin nan na san shi ciki da bai, babu gona a kusa.

Shekaru na yi ina bin garken nan cikin ruwa da matsattsaku, ko ɓawon ayaba ban taɓa jefa musu ba. Dokar aikin ke nan, a kalle su, kada a ciyar da su. Ni na roƙi farfesa ya ɗauki Sani, na ce ɗan unguwarmu ne, na tsaya masa. Da zazzaɓi ya kwantar da ni, shi na bar wa dajin.

Bayan isha'i na same shi yana dafa taliya. Na yi masa zancen masarar, ko musu bai yi ba. Ya ce, "Yaya, hawan dutsen nan ya cinye min gwiwa. In na watsa masara, har bakin tanti suke zuwa." Har da miƙo min kwano. Ban karɓa ba.

Gobe ban san da wane baki zan faɗa wa farfesa ba. Amma ba wannan ke hana ni barci ba. Tsohuwar birinyar nan mai yagaggen kunne, wadda na daɗe ina lallaɓawa kafin ta daina guduna, Sani ya ce yanzu hannu take miƙa wa duk wanda ya wuce.