Ƙafar Dogo Mai Burodi

Zuwa ga uwata ta kaina,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya aikin asibiti, yaya haƙuri da marasa lafiya? Mu nan ƙalau muke, sai gwiwar mamanki da ta fi masu hasashen yanayi sanin ranar da za a yi ruwa. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san aji huɗu na yi, shi ma rabinsa ta taga na yi shi.

Kin hana ni kiranki lokacin aiki, shi ya sa na ɗauki biro. Kuma maganar ba ta waya ba ce, don wayar ce ta haife ta.

Kin san guruf ɗin da kika buɗe mana mu tsofaffin layi, ni da Tela da Direba da baffanki Dogo mai burodi. Ranar Talata shago shiru, fanka ɗaya aka kawo gyara, ita ma ƙura ce kawai ke damunta. Zaman banza ya ishe ni, sai na danna wurin ɗaukar murya, na yi muryar nan tawa ta masu karanta labarai da nake lallashinki da ita kina ƙarama. Na ce rahotannin da ke shigo mana sun tabbatar Dogo da ƙafa yake kwaɓa fulawa, shi ya sa burodinsa ya fi na kowa laushi, tunda ƙafar tasa ta kai faɗin faranti. A ƙarshe na ce mai karantawa Baba Rediyo, shugaban maƙaryatan layi. Dogo da kansa ya turo fuskokin dariya har biyar.

Jiya mamanki ta shigo da salati, ta miƙo mini wayarta wai in ji abin da duniya ta zama. Muryata ce. An sa mata kiɗan buɗe labarai, an haɗa da hoton wata ƙafa cikin kwaɓi, an kuma yanke wutsiyar inda na faɗi sunana. Ƙafar ma ba ta Dogo ba ce, tasa tana da tabo. Na ce mata ni ne. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce shekara talatin tana jin muryata, ba ta taɓa jin ta faɗi magana mai kan gado irin wannan ba. Yau da safe burodin kanti ta saya mana.

Ina jin kwana biyu zai wuce. Ki ci abinci, kin rame a hoto.

Mahaifinki,
Baba Rediyo

Uwata,

Ina gaishe ki, ina kuma fatan murar da kika ce ta sake ki. Saƙonki ya iso, faɗan da ke ciki ma ya iso lafiya, bai zube a hanya ba.

Bai wuce ba. Masu shayi uku sun daina ɗaukar burodin Dogo. Makarantar bayan layi da ke karɓa kowace safiya ta ce a dakata. Daga ƙofar shagona ina hango kwandunan da suke fita cike suna dawowa cike. Masu duba tsafta sun zo, sun leƙa har ƙarƙashin tebur, sun ba shi takardar cewa komai tsaf. Ya manna ta a ƙofa. Ban ga wanda ya tsaya ya karanta ba, sai ni, ni ma sai da na haɗa baƙi.

Na bi shawararki. Na yi sabon saƙo da muryata ta gida, na ce ni na yi, wasa ne, a yafe mini. Ƙaryata ta zaga gari a yini ɗaya, gaskiyata kuwa ko ƙarshen layi ba ta kai ba, kamar ta gaji gwiwar mamanki. Waɗanda suka ji ma cewa suka yi Dogo ya saye ni. Wani da ya kawo gyaran dutsen guga ya rantse mini ƙanen matarsa ya gani da idonsa. Wata ta ce ita dama ta daɗe tana jin wani wari-wari. Shekara ashirin tana ci, sai yanzu hancin ya buɗe.

Abin da zan gaya miki kada ki gaya wa kowa. Shekaranjiya na sayi burodin Dogo, na kai baki, sai na tsinci kaina ina jujjuya shi ina dubawa. Ni da na ƙirƙiri maganar a kan kujerar nan. Sai na daina ganin wautar mamanki.

Dogo ya fita daga guruf. In ya wuce yakan ɗaga hannu, amma bai ƙara zama a bencina ba. Tela ya ce yana maganar kashe murhun ya bar sana'ar. Mahaifinsa ne ya gina murhun nan, a gabana, kuma ranar da aka haife ki daga cikinsa aka ciyar da baƙinmu, Dogo bai yarda an yi masa maganar kuɗi ba.

Ki sa ni a addu'a. Bakin da ya ciyar da ku dariya ya ci mutum.

Naki,
Baba

Uwata abar alfaharina,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta abokan aikinki, ki yi haƙuri rubutun ya ƙara lalacewa. Hannun ne ke ciwo, za ki ji dalili.

Na je wurin Dogo. Tun daga gida na tanadi barkwanci uku don in sassauta shi. Na yi na farko, ya ci gaba da goge tirensa. Na fara na biyu, ya tambaye ni da wace murya na zo yau. Sai na ba shi haƙuri da tawa ta ainihi, kuma ashe 'yar ƙarama ce. Ina jin tun rasuwar kakarki ban yi amfani da ita ba.

Bai ce ya yafe ba. Ya miƙo mini farar riga da hula, ya ce tunda baki ya yi ɓarna, hannu zai biya. Ya sa an jawo teburin kwaɓi zuwa babbar taga mai kallon titi. Yanzu kullum da safe kafin in buɗe shago, ina nan ina kwaɓa fulawa kowa na gani, ina kuma karanta labarai da muryar nan a kan duk wanda ya gifta. Na sanar cewa Tela ya ɗinka wando mai ƙafa uku. Na sanar cewa motar Direba ta tashi ba turi, gwamnati na bincike. Mutane sukan tsaya su yi dariya, sai ka ga dariyar ta tsaya a rabi, sun tuna inda suka san muryar.

Ranar Asabar mamanki ta zo wucewa, na sanar cewa hukumar yanayi ta ɗauki gwiwar wata baiwar Allah aiki. Ta daɗe a tsaye tana kallona. Sannan ta shiga ta sayi biyu. Yanzu ko rediyon gaske ke magana sai ta leƙo ta ga ina ina.

Ba kowa ya dawo ba. Masu shayi biyu sun dawo, makaranta har yanzu shiru. Direba ya ɗauke ni a waya ina kwaɓi ya tura, mutum goma sha ɗaya suka kalla, ina zargin rabinsu ke ce. Amma murhun bai mutu ba.

Jiya Dogo ya gutsuri burodin da na kwaɓa, ya daɗe yana taunawa, sannan ya ce da da ƙafa na yi da ya fi haka laushi. Wasansa na farko ke nan a wata guda. Sai da na waiga na tabbatar babu mai riƙe da waya kusa, sannan na yi dariya.

Mamanki na gaishe ki. In za ki zo, ki taho mini da man shafawa na ciwon kafaɗa.

Mahaifinki mai ƙaunarki,
Baba Rediyo, mataimakin mai burodi