Yayana Ya Ɗauke Matashin Kujerarsa

Kawu, don girman Allah ka ba ni shawara kafin wata ya mutu, domin in ya mutu a haka, kujera ɗaya ce za ta rage a shagonmu.

Shagon buga takardu ne da fotokofi, ni da yayana, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya kafa shi tun ina ɗan makaranta, da tafireta guda da benci a bakin baranda. A hannunsa na koyi aiki, da ranƙwashi da komai. Tafiretar tana nan har yau a saman kanta, lulluɓe da tsohon labule. In na ɗaga na ji ƙamshin tawadarta, sai in tuna lokacin da nake gudu in sayo masa takarda ya bar mini canjin.

'Yan layinmu Mamako suke ce masa, don in ya ɗora yatsu a kan madannai sai ka rantse ruwa ne ya sauka a kan kwano, ba tsayawa sai shafi ya cika. Kuma ba ya kallon abin da yake bugawa. Fuskarsa tana wajen mai aikin. Mutum ya zo da magana a baki, neman aiki ne, ƙorafi ne ga mai gidan haya, Yaya yana ji yana bugawa, yana tambayar jikin tsohuwa, yana tsokanar tela maƙwabcinmu wai ɗinkinsa ya fi alƙawarin ɗan siyasa saurin warwarewa. Wasu ba takarda ce ke kawo su ba, bencin ne. In kuwa rubutun hannu aka kawo, shekarun nan sai ya miƙo mini ya ce in karanta masa, wai shi ya gama wahala da tsutsar rubutun mutane, girma ya zo. Haka jarida, wadda da ba ya shan shayi sai da ita. Ya daina, wai duk ƙarya ce.

Da kwamfuta ta zo ya yi gunaguninsa, daga baya ya haddace ta kamar yadda ya haddace tafireta. Komai da madannai yake yi. Linzamin kwamfutar kuwa bai taɓa yarda da shi ba, ɓera yake kiransa, ya ce shi ba kyanwa ba ne.

To, manhajar rubutun da muke aiki da ita ba sayenta muka yi ba, mai gyara ne ya sa mana tun tuni. Ta fara turo gargaɗi, muna kauda kai, har ranar da ta kulle kanta, ga benci cike da mutane. Kuɗin lasisinta ya fi ƙarfin shago irin namu. Mai gyaran ya ce akwai wata ta halas kuma kyauta, waɗanda suka yi ta sun bar ta a buɗe, kowa ya ɗauka, wanda ya iya ma ya duba cikinta ya gyara. Ranar hutu na zo na sa ta a kwamfutocinmu biyu. Ban shawarci Yaya ba. Na ce ai rubutu rubutu ne.

Tsakani da Allah ni ba ta ba ni wuya ba. Tana buɗe tsofaffin takardunmu, sai dai wani lokaci jadawali ya karkace sai an daidaita. Amma abubuwa sun canja wuri, kuma wasu madannan da Yaya ke haɗawa yanzu wani abu daban suke yi.

Kawu, mamako ya ɗauke. Yaya ya juya wa benci ƙeya, hancinsa kamar zai taɓa gilashin kwamfuta, yana bin kibiyar nan da ɓeran da ya rantse ba zai taɓa ba. Tela ya leƙo ya yi tsokana, Yaya ya ci gaba da bin kibiyarsa. Sai ga wata baiwar Allah ta dawo da takardar neman aikin da ya buga mata, rabin shafin haruffa ƙanana kamar tururuwa, sunanta ya faɗa can gefe. Haka ya miƙa mata bai lura ba. Ta yi faɗa a gaban mutane. Tun da nake ban taɓa ganin an dawo wa Yaya da aiki ba.

Da yamma ya ɗauki matashin da yake ɗorawa a kujerarsa, wanda marigayiya innarmu ta ɗinka masa, ya sa a hammata. Ya ce in wata ya ƙare zai zauna a gida, dama in ana son tsoho ya tashi ba sai an ce masa tashi ba. Matarsa ta kira ni ta ce ko abinci ba ya ci sosai.

Ni kuma raina ya ɓaci. Mutumin da ya koyi kwamfuta da furfura, yau madannai kaɗan ne za su gagare shi? Ina ganin taurin kai ne. Amma in na dubi kujerar nan ba matashi, sai in ji kamar in koma wa ta satar kawai a zauna lafiya. In koma, ko in dage?

Ƙanin Mamako

*

Ɗana,

Na karanta wasiƙarka, na ajiye, na sake ɗauka, sai kakata ta faɗo mini a rai. Tsohuwar nan takan ratsa ɗakinta ta ɗauko maka allura daga cikin gwangwani ba ta ko laluba ba. Wata rana jikoki mata suka ga dama za su kyautata mata, suka share ɗakin, suka mai da gado wancan bango, randa wannan lungu. Ta shigo ta buga ƙauri a gado. Ranar muka gane idonta ya daɗe da tafiya, da ka take ganin ɗakin.

Koma ka karanta abin da ka rubuto mini. Mutum ya daina jarida. Ya ce ka riƙa karanta masa rubutun hannu. Ya manna hanci a gilashi. Ya miƙa takarda a karkace bai gani ba. Ni ba likita ba ne, amma ruwa ba ya tsami banza. Ina kyautata zaton ba taurin kai ke damun yayanka ba, ido ne. Tsohuwar manhajar ita ce ɗakin kakata, kai kuma ka shiga ka matsar da gado. Ya gwammace ka ce masa mai gardama da ka ce masa makaho, a shagon da ya kafa da yatsunsa.

Canjin da ka yi daidai ne. Kada ka koma wa kayan sata, wadda ta kulle muku sau ɗaya za ta kuma. Inda ka yi kuskure shi ne ranar hutun nan. Ya kamata ya ji daga bakinka, ba daga yatsunsa ba. Shi ma yana da nasa, ɓoye ciwo ga ɗan'uwa ba jarumta ba ce, amma wannan ba kai za ka faɗa masa ba.

Ga abin yi. Na tambayi masu sani, sun ce kyan irin wannan manhajar shi ne tana lanƙwasuwa. Kira mai gyaran nan ya ƙara girman haruffa da alamomi a kwamfutar Yaya. Sannan ka je gida ka zauna a ƙasa kamar zamanin ranƙwashi, ka ce ya lissafa maka madannan da yake haɗawa da aikin kowanne, don shi kaɗai ya san su. A saita sabuwar ta bi hannunsa. Tsofaffin takardun da kuka fi amfani da su, ka daidaita su sau ɗaya ka adana. Duk abin da ya buga kuma ya bi ta hannunka kafin ya kai ga mai shi, ka ce sabuwar doka ce, har naka shi zai saurara ka karanta masa.

Maganar asibiti kuwa, kada ka ce masa idonka. Ka ce nawa. Ka ce gilashin nan ya fara ƙona maka ido, kana son rakiya, babba ba ya ƙin raka ƙaninsa. In kun je a duba ku duka. Sau da yawa tabarau ne ko ɗan aiki, kuma jinkiri shi ke ɓata shi.

Ranar da zai dawo, kada ka bari ya ɗauko matashin da kansa. Kai za ka karɓa a hannun matarsa, ka riga shi zuwa, ya tarar da shi a kujera, fuskarta na kallon benci.

Allah ya ba shi lafiya, ya bar zumunci, ya sa tela ya sake jin ruwa a kan kwano ya fito da gudu kwashe shanya.

Kawunku