Kakar Sadiƙu Ba Ta Taɓa Jin Sifaniyanci Ba

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Iyaye na Ajin Asabar,
na 'yan Arewa mazauna Kuala Lumpur.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara, kuma aiki yana tafiya yadda ake so. Ina miƙa gaisuwa ga sauran 'yan kwamiti, waɗanda da guminsu ake biyan hayar ɗakunan da muke tara yaranmu a unguwar Titiwangsa. Allah Ya saka muku da alheri.

Ni ce malamar da take koyar da Hausa a ajin nan, har zuwa lokacin da kwamiti ya rufe darasin bayan ƙaramar Sallah. Karatun digiri na uku a fannin koyarwa ya kawo ni ƙasar nan, amma gaskiya Asabar ce ranar da nake ɗoki duk mako, saboda yaran nan. Na nemi ganinka ban samu ba. Shi ya sa na rubuto a zauren da iyaye suke karantawa, tunda dama a gabansu aka yanke shawarar.

Na ɗaya, abin da aka yanke.

A taron iyaye ka ce duk ƙasar da take son ci gaba, ta ɗauki Turanci da Sifaniyanci su zama harsunanta na hukuma, domin da su mutum zai zaga duniya bai nemi tafinta ba. Ka ce da za a ba ka iko, haka za ka yi wa Najeriya, amma tunda ba a ba ka ba, mu fara daga ajinmu. Aka yi dariya, aka ɗaga hannu. Sanarwa ta fito cewa waɗannan biyun su ne harsunan aji, lokacin Hausa ya koma na Sifaniyanci, kuma duk abin da yaro bai gane ba daga 'yan uwa na gida, akwai manhaja a waya da za ta fassara masa.

Ban ƙi Sifaniyanci ba. Ina jin daɗi in ga yaro ya ƙara harshe a kan nasa. Malamin da aka ɗauko ma matashi ne mai ladabi, ba ni da abin faɗa a kansa. Ƙorafina yana kan ƙarshen sanarwar nan, maganar manhaja.

Na biyu, abin da na ji da kunnena.

Wata Asabar bayan an canja tsarin, na koma kwashe katunan karatuna da na bari a ɗakin da ke maƙwabtaka da ajin. Rana tsaka ce, ko azahar ba a kira ba, gari ya yi tsit irin shirun da yake yi kafin ruwa ya sauko. Ina durƙushe ina ɗaure katunan sai na ji muryar tsohuwa ta bango.

Na san muryar. Ta Hajiya Goggo ce, kakar wani ɗalibina da zan kira Sadiƙu. Ba sunansa ba ne, kuma iyayensa sun yarda in ba da labarin. Hajiya Goggo ta taɓa zuwa garin nan wankan jego lokacin da aka haifi ƙanwarsa, ni na raka ta kasuwar Masjid India sayen hijabai. Da Hausa zalla ta yi ciniki da Ba'indiyen mai kanti, tana nuna masa yatsu tana cewa, "Haba ɗan nan, ka ji tsoron Allah!" Shi yana nasa yaren, ita tana nata, kuma sai da ya rage mata. Tana da giɓi, saboda haka akwai wani ɗan fito da yake biyo maganarta. Ba za ka ji shi ka manta ba.

Ranka ya daɗe, Hajiya Goggo ta rasu bara kafin azumi. Ni da kaina na je gidansu Sadiƙu ta'aziyya. Ba ta taɓa shiga ajin boko ba, ko gaisuwar Turanci ba ta iya ba. Ga ta a bayan bango, da ɗan fiton nan nata, tana zuba Sifaniyanci babu ko gargada.

Tsigar jikina ta tashi. Sai da na yi salati kafin na nufi ƙofar ajin.

Ashe aikin gida aka ba su, bisa sanarwar kwamiti. Kowane yaro ya zo da saƙon murya daga gida, a saka a manhaja, ta fassara shi, sannan ta maido shi da muryar mai shi. Wayoyi ne jere a kan tebur. Ɗaya bayan ɗaya, tsofaffin Kano da Gusau da Azare suna magana da Sifaniyanci, in an latsa su koma Turanci. Wasu suna raye, wasu suna ƙarƙashin ƙasa. Yara suna ta tafi. Ni kuwa abin da na lura da shi, babu wanda yake jan numfashi a cikin tsofaffin nan. Babu tari, babu kukan akuya a bayansu, babu wanda ya yi sallama ya katse su. Murya ce kawai miƙe, a cikin wani shiru da babu gidan da ake samunsa a ƙasarmu.

Sadiƙu bai yi tafi ba. Da yake bai yi nisa a Sifaniyanci ba, ya latsa Turanci, ya saurara har ƙarshe.

Na uku, abin da saƙon ya ƙunsa.

Shi ne saƙon ƙarshe da ta aiko masa. Daga baya mahaifiyarsa ta kunna mini na asali. Ga abin da ta ce:

"Maigidana, ka yi watsi da ni ko? Ka tafi ƙasar masu cin shinkafa safe da rana, ka bar ni babu cefane. To ni dai ina nan ina jiranka. Na share maka ɗaki, na shimfiɗa maka tabarma. In ba ka zo ba, da ƙafata zan zo in ɗauke ka."

Duk wanda ya tashi a gaban kaka ya san mene ne wannan. Wasan kaka da jika ne. Tawa kakar haka take yi wa yayana, ta kira shi rago, ta ce bai kawo goro ba, shi kuma ya ce ta tsufa ya fasa. Da haka suke gaya wa jika sun yi kewarsa.

Na sa ido sosai a kan fassarar, ina neman kuskure. Ban samu ba. Kowace kalma tana daidai, kuma wannan ne ya fi tsorata ni. Manhajar ta kwashe maganar duka ta bar wasan. Abin da yaro ɗan shekara tara ya ji shi ne, matar da ya san an binne tana ce masa shi mijinta ne, ta gyara masa makwanci, in bai je ba za ta zo ta ɗauke shi.

Tun daga ranar Sadiƙu ba ya zama a ɗakin da aka ajiye waya. Roti ɗin wajen mamak, wato gurasar da Indiyawa masu gidan abinci suke yi, da yake kuka a kansa, yanzu sai a sayo ya huce a leda. A tashar jirgin ƙasa ta Masjid Jamek wata tsohuwa mai farin hijabi ta wuce su, ya damƙe hannun mahaifiyarsa har farcensa ya bar shaida. Mahaifinsa yana gab da kammala karatu, ƙarshen shekarar nan za su koma gida, gidan da ɗakin nan yake, da tabarmar nan. Yaron ya ce ba zai shiga jirgin komawa gida ba.

Iyayensa sun yi masa bayani, sun yi masa addu'a. Ni ma na zauna da shi. Ya dube ni ya ce da Turancinsa mai gauraye da na Malay, "Malama, kun haɗa baki ne lah, don kada in ji tsoro. Ni da kunnena na ji ta."

Lokacin da take raye, in ta yi masa magana murmushi kawai yake yi ya gudu. A ajina bai wuce gaisuwa da sunayen kayan ɗaki ba aka rufe. Ranar nan ita ce rana ta farko a rayuwarsa da ya fahimci kakarsa daga farkon magana har ƙarshe. Ta yaya zan ce masa ya ƙaryata ta?

Na huɗu, maganar ƙasa.

Ranka ya daɗe, ka fi ni karatu da yawon duniya. Ban ce kada ƙasa ta zaɓi harshen da za ta yi shari'a da kasuwanci da shi ba. Ta ɗauki biyu, ta ɗauki uku. Amma mu dubi ƙasar da ta karɓi baƙuncinmu. Ka bi titin nan na Jalan Tuanku Abdul Rahman, allon shago da harshen Malay yake, mai yadi zai yi maka ciniki da Turanci, sannan ya juya ya amsa wa tsohuwarsa da yarensu. Ya ƙara ne, bai zubar ba.

Abin da koyarwa ta nuna mini shi ne, in manya suka tsaya suka ce ga harsunan da muka amince da su, yaro yana jin har abin da ba a faɗa ba. Yana jin cewa sauran ba su da amfani. Yaran da suke amsa mini da "na'am" a da, yanzu in na gaishe su a matakala sai su dubi juna. Wata yarinya ta ce mini, ba da rashin kunya ba, wai Hausa yaren mutanen cikin waya ne. Wannan a ɗakuna biyu kawai ke nan, da sanarwa guda. Ka auna a ce ƙasa ce sukutum ta yi haka, jikoki cike da gari, kowa sai na'ura ta tsaya tsakaninsa da wanda ya haifi ubansa.

Na biyar, abin da ya ba ni ƙarfin rubutowa.

Asabar ɗin da ta wuce na sami Sadiƙu zaune a matakala kafin a shiga aji. Na roƙe shi ya bari in kunna masa saƙon kakarsa na asali, na ce in ya ɗaga hannu zan kashe. Ya toshe kunnuwansa biyu. Can sai ya saki ɗaya.

A na asalin akwai zakara yana cara, akwai wata tana daka a tsakar gida. Hajiya Goggo tana magana tana tari. Da ta kai wajen "in ɗauke ka" sai ta fashe da dariya, doguwa, har ta sarƙe, ana jiyo wata tana cewa, "Goggo, sha ruwa mana!" Duk wannan manhajar ta yanke, tunda ba kalma ba ce.

Sadiƙu ya sauke ɗaya hannun. Ya ce, "Wa take wa dariya?"

Na ce, "Kai."

Sannan ya ce ya ji ta ce tabarma, ya san tabarma, tana cikin katunana. Ya ce in sake kunnawa. Ban kai ga latsawa ba aka kira su aji. Yana miƙewa ya ce mini zai yarda wasa take yi ranar da ya ji maganar duka da kansa, ba ni a tsakani, ba waya a tsakani.

Yaron nan yana da kaifin kai, ranka ya daɗe. Saƙon gajere ne. In aka ba ni shi tare da 'yan uwansa daga yanzu zuwa tafiyarsu, in sha Allahu zai ji shi.

Saboda haka ina roƙon kwamiti, cikin girmamawa:

A maido da darasin Hausa tun daga Asabar mai zuwa. Ban ce a taɓa Sifaniyanci ba. A buɗe mini ɗaki da safe kafin sauran darussa, zan riga kowa zuwa, kuma ba na neman komai.

A janye maganar manhaja daga sanarwa, a daina saka muryar waɗanda suka riga mu gidan gaskiya suna faɗin abin da ba da bakinsu suka faɗa ba. Masu rai ma a nemi izininsu.

Sannan duk lokacin da wata kaka ta zo garin nan, jego ne ko asibiti, a bar ni in gayyato ta aji ta tsokani yaran nan ido da ido, su ga fuskar da ake yin maganar nan da ita.

Abu na ƙarshe, ka gafarce ni in na shiga gida da yawa. Ranar Sallah da muka zo gaisuwa gidanka, Hajiya mahaifiyarka ta kira waya, Allah Ya ƙara mata lafiya da nisan kwana. Na ji ta tana ce wa ɗanka, "Angona, ina barka da Sallata?" Ya saurara, ya yi murmushi, ya miƙo maka wayar. Saƙonninta suna nan ajiye a wayar gidanku. Wata rana zai kunna su shi kaɗai, lokacin da babu halin a kira ta a tambaye ta me take nufi. Ina roƙon Allah ranar ya ji dariyar.

Allah Ya yi maka jagora a shugabancin nan, Ya albarkaci zuriyarka da tamu, Ya ji ƙan Hajiya Goggo da sauran magabatanmu, Ya cire tsoron nan daga zuciyar jikanta, Ya kai shi ɗakinta da ƙafarsa.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Malamar Hausa ta Ajin Asabar,
Titiwangsa, Kuala Lumpur.