Gidajen da Na Goge da Hannuna

Litinin, 5 ga Mayu

Sun zo da jan fenti da safe. Gida-gida suka bi, suna shafa ƙaton gicciye a bango, suna liƙa takarda: kwana talatin mu tashi, wai filin unguwar duka na wani kamfanin gine-gine ne. Namu a kan ƙofa suka shafa, ƙofar da maigidana Malam ya haɗa da hannunsa shekarar da aka kawo ni gidan. Ya tsaya yana kallon fentin yana zurara ƙasa, can ya ce ko buroshi ba su iya riƙewa ba. Kafinta dai kafinta ne. Amma bai ci abincin rana ba.

Laraba, 7 ga Mayu

Taro a filin makaranta. Ƙanwar Malam, telar nan da nake kira Lasifika a raina, ita ta haye benci. Wai za a fita zanga-zanga da kwalaye har ofishin filaye. Ni dai ban yarda da wannan ba. Shekara talatin da biyar na yi a ɗakin zane na ofishin nan kafin in yi ritaya. Masu kwalaye nawa na leƙa ta taga sun zo sun tafi? Ban taɓa ganin kwali ya matsar da layi ɗaya a taswira ba. Na faɗa wa Malam haka a hanya, ya ce ai ba a tambaye ni ba.

Baba Mai Rijiya ne kawai ya burge ni, tsohon da ya girmi kowa a unguwar. A zaune ya yi magana. Ya ce kakanninsu suka sare dajin nan, suka haƙa rijiyar da ke ƙofar gidansa. Daga baya hukuma ta ce duk ƙasar da ba ta da takarda tata ce. Ta ba wata masaƙa da ba a taɓa ginawa ba, masaƙa ta bar wa banki, banki ya miƙa wa waɗannan. “Sau uku ana sayar da mu,” in ji shi, “ba wanda ya taɓa zuwa ya ga abin da ya saya.” Aka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba.

Asabar, 10 ga Mayu

Lauyar da unguwa ta samo, yarinya ce sa'ar autata, ta kawo hoton taswirar da kamfanin ya dogara da ita. Taswirar shekararta arba'in da ɗaya. Ta nuna wurin nan fetal, ba gida ko ɗaya, sai hanya da kwalbati. Da ita suke cewa mu ne muka zo daga baya muka mamaye.

A tsakar gidanmu aka zauna, takardar na yawo hannu zuwa hannu. Da ta iso gare ni sai na gane ta. Kibiyar nuna arewa da ke kusurwa, wutsiyarta a tsage gida biyu. Duk ɗakin zanen nan ni kaɗai nake yi mata haka, don iyayi.

Na ce kaina ke ciwo, na shige ɗaki.

Lahadi, 11 ga Mayu

Ban faɗa wa kowa ba. Na ƙona tukunya.

Talata, 13 ga Mayu

Bari in rubuta ko zan samu sauƙi. Shekarata ta farko ce a aiki, ina 'yar ashirin. Masu awo su dawo daga fili da zanensu, mu kuma mu kwafe a babbar takarda da fensir tukuna. Sai shugaban ɗaki ya zo da jerin gine-ginen da ke da takardar izini. Waɗannan a bi su da tawada. Sauran a goge. Haka ƙa'ida take, ba wanda ya taɓa kiranta mugunta. A wannan takardar ba gida ko ɗaya a jerin. Na goge, na hure ɓurɓushin, na share da gefen hannu. Har yabo na sha ranar, wai takardata ta fi ta kowa tsabta, na koma gida ina ta washe baki.

Lamba ce kawai a wurina, takarda ta arba'in da bakwai. Ban san bayan shekara bakwai za a kawo ni cikinta da kayan ɗaki ba. Ko kuwa na taɓa zargi na kau da kai? Wallahi ban sani ba. Kunya nake ji, kunya mai nauyi.

Alhamis, 15 ga Mayu

Lasifika ta faɗo mini da kwalaye ashirin da gwangwanin fenti. “Matarmu, ke ce mai rubutu kamar na inji, taimaka.” Na ce ni ba ruwana da harkarsu. Ta ce ta sani, ta ajiye ta yi gaba. To in bar su su fita da rubutun nan nasu kamar tafiyar kaza? Na rubuta. Bayana har yanzu ciwo yake.

Juma'a, 16 ga Mayu

Sun fita, ni ina gida. An shanya su a rana awa huɗu, ko masinja bai leƙo ba. Na shirya in ce ai na faɗa, sai Malam ya shigo ƙafafu a kumbure yana 'yan waƙe-waƙensa. Wai sun fi ɗari shida, har matan kasuwa da direbobin tasha sun bi su, mutanen da ko bulo ɗaya ba su da shi a nan. Na haɗiye maganata, na ɗora masa ruwan zafi.

Litinin, 19 ga Mayu

Na kai gyaran riga shagon Lasifika. Na same ta tana fitar da zanen wuya. Ta ɗora tsohuwar takardar zanen a kan sabuwa, tana bin layin da allura, tsik, tsik, tsik. Ta ɗaga sabuwar ta duba a hasken ƙofa.

Na tsaya ina kallon hujin da allurar ta bari.

Haka muke yi. Ba mu da injin kwafi a lokacin. Mu ɗora zanen masu awo a kan babbar takarda, mu soka allura a kowace kusurwa, ta kowane gida, mai izini da marar izini, sannan mu haɗa hujin da fensir. Fensir yana goguwa. Huji fa? Hoton da lauya ta kawo ba zai nuna ba, amma ta asali, in aka ɗaga ta a haske, unguwar nan kaf tana ciki.

Sai dai duk wanda zan gaya wa, tambayarsa ta farko ita ce ta yaya na sani.

Laraba, 21 ga Mayu

Na sami Malam a shagonsa yana goge katako. Na faɗa masa duka, a tsaye, ban yi kwana-kwana ba. Bai daina aikin ba sai da na kai ƙarshe.

“Har gidan babanmu?”

“Har shi, Malam.”

Ya ajiye abin gugar a hankali, ya kakkaɓe rigarsa, ya fita. Na zauna cikin garin katako. Gidan da aka haife shi, gidan da uwarsa ta cika a ciki. Na yi tunanin ko ya dawo ba zai ƙara kallona kamar da ba.

Kafin azahar sai ga shi da ƙanwarsa. Ta wanke ni tas. Ta ce shekara talatin da huɗu suna cin abinci kwano ɗaya da wadda ta share su daga duniya. Ta yi kuka, ta fyace hanci da gefen mayafi, sannan ta ce, “Hujin nan, kin tabbata suna nan?” Na ce in dai takardar tana nan, suna nan. Malam ya ce to a kira lauya, a bar ɓata lokaci. Da zai wuce ya cire mini wani ɗan katako da ya maƙale a ɗankwalina. Iyakar abin da ya yi ke nan, kuma ya ishe ni.

Juma'a, 23 ga Mayu

Lauya ta rubuta a fito da ta asali. An ce an duba ba a gani ba. Ba a gani ba! Ɗakin ƙasa, kabad na uku daga ƙofa, aljihun tebur mai faɗi na biyu daga sama. Ni na jera takardun da hannuna, na kuma gaya wa lauya wurin. Ba na ce ƙarya suke ba, yaran yanzu in abu ba ya cikin kwamfuta to a wurinsu bai taɓa wanzuwa ba.

Talata, 27 ga Mayu

Kwana biyu ke nan mata suna zaman dirshan a ƙofar ofishin, daga safe zuwa la'asar. Kwali ɗaya tak suka riƙe yanzu: A FITO DA TA ASALI. Lasifika har ɗinkin hannu take kaiwa. Na je ne kawai in nuna musu ƙofar da ta dace, don sun je sun tare ta masu biyan haraji. Da na je kuma ƙafata ta gaji, na zauna.

Magana ta riga ta zaga unguwa. Wasu sun matsa sun ba ni wuri a tabarma. Amma maƙwabciyarmu mai wanki, wadda na karɓi haihuwar 'ya'yanta biyu, na gaishe ta ta ɗauke kai. Na ji tana ce wa ta kusa da ita, ga mai gogewar nan. Ya yi mini zafi ƙwarai. Ban ga laifinta ba.

Alhamis, 29 ga Mayu

An gano ta! A aljihun da na faɗa.

Kwamitin da ke sauraron ƙorafi ya zauna a ɗakin taro na sama. Aka shimfiɗa ta a tebur, ta yi ruwan ƙasa, gefe ya ɗan cinye. Lauyan kamfani ya leƙa ya ce to ga ta nan, fili ne fari fat, me kuma ake nema? Shugabar kwamitin ta tambaye ni ko ni ce na zana. Na ce ni ce.

Na roƙi a kashe fitila a buɗe labule. Ni da lauyarmu muka kama kusurwa bibbiyu muka ɗaga ta a jikin taga.

Haske ya ɓullo ta cikinta ɗigo-ɗigo, huɗu-huɗu, layi bayan layi, har da lungunan da muke bi yau. Aka kamo hannun Baba Mai Rijiya aka kawo shi gaba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗora yatsa a kan wani huji shi kaɗai a tsakiya, ya ce wannan rijiyarsa ce. Ya fara jero masu gidajen, na dama da na hagu, yawancinsu sun rasu. Magatakarda yana rubutawa har hannunsa ya gaji. Gida ɗari da arba'in da biyu aka ƙirga.

An dakatar da rusau sai masana sun duba takardar. Lauya ta ce kada mu yi guɗa tukuna, da sauran tafiya. Lasifika ta ce ta ji, ta fita baranda ta rangaɗa abarta.

Malam ya matso ya ce in nuna masa namu. Na nuna. Huji shida ne, ba huɗu ba, na ce ƙila hannuna ne ya kuskure. Ya ce a'a. Biyun nan rumfar da mahaifinsa ke aiki ce, an rushe ta tun kafin a kawo ni. Ya cire tabarau yana ta gogewa, tabaran da ba abin da ya same shi.

Lahadi, 1 ga Yuni

Unguwa ta ce tana son sabuwar taswira tata ta kanta, kowane gida a ciki, mai takarda da marar takarda, don a kai wa kwamiti. Na ce idona ya mutu, su nemi yara. Suka nemo, na ga yadda suke riƙe tef ɗin awo, na karɓe abina.

Talata, 3 ga Yuni

Gida goma sha ɗaya yau. Malam ke riƙe mini bakin tef, yana gardama a kan kowane inci. Mutanen unguwar tsallaken titi sun aiko, su ma an shafa musu fenti jiya. Na ce su zo ranar Asabar in gaya musu abin da za su nema. Ba wani abu ba ne, don dai kada su je su tare ƙofar da ba ita ba.

Na ƙarshe gidan mai wanki ne. Na so in tura Malam shi kaɗai, sai na ga ta riga ta buɗe ƙofa tana tsaye, hannu duk kumfa. Ba ta gaishe ni ba. Ta dai matsa gefe ta ce, “Shigo. Ki auna har wurin shanya, da ɗakin kajin nan. Kada ki bar komai.”

Ban bar komai ba.